Kakin Saje Abel

Rikoto, Zuru
11 ga Oktoba, 2004

Zuwa ga Philemon, Baban Praise,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da Maman Praise da yara, da aiki. Mu nan da sauƙi, ban da ƙafata ta hagu da ta saba yi mini tsiya in damina ta ja baya. Dawa ta yi kai.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Tun ranar da muka yi ka-ce-na-ce kan iyakar fadama, bayan an binne yayanka Abel, ko gaisuwar Kirsimeti ba ta haɗa mu ba. Amma kakanka da kakan Abel ciki ɗaya suka fito, kuma a duk zuri'ar nan kai kaɗai ne ka tsufa kana yi wa lauya akawu a Kaduna. Ba daɗin hira ya sa na ɗauki biro ba, dole ce.

Bana birai suka sauko daga dutse suka addabi gonata ta bakin hanya. Na kafa mutum-mutumi da tsummoki, suka mai da shi abokin wasa. Sai na buɗe akwatin Abel na ɗauko tsohon kakinsa na Laberiya, riga da wando da hula, na sa wa itacen. Na ce da ransa ya tsare ƙasar wasu, yanzu ya tsare mini dawa. Birai kuwa suka ɗauke ƙafa. Tsofaffin sojojin unguwa, su Kofur Solomon, in za su wuce da safe sai su ƙame su sara masa, su ce, "Saje, an tashi lahiya?" Kowa na dariya, ni ma ina yi, ko da yake wani lokaci sai na juya baya na share ido.

Makon jiya na tarar da itacen ba riga. Na ɗauka ɓarnar yara ce. Ranar kasuwar Danko sai wasu mutane cikin kayan soja suka tare a-kori-kura a hanya, suka yi wa Chimaobi mai shagon kayan masarufi dukan tsiya da sanduna, suka kwashe masa kaya. Da mutanen ƙauye suka bi su, ɗaya ya tuɓe riga ya yar a ciyawa. Sunan Abel yana ɗinke a ƙirjinta.

'Yan sanda sun zo neman ɗana Japhet. Shi ne ɗan mai riga, kuma kabu-kabu yake yi a wannan hanyar, a wurinsu magana ta ƙare. Allah ya sa ba ya gida. Na tura shi wurin ƙanena Sila a ƙauyenmu na kan dutse, ya ɗan lafe.

To, Baban Praise, ka gaya mini. In ba su same shi ba, za su kama ni a madadinsa? Wata a zumuntar mata ta ce kotun shari'a za a kai shi a yanke masa hannu, gaskiya ne? Tsoro ya hana ni cin abinci. Maharazu direba ne zai kawo maka wannan, ka ba shi amsa ya dawo da ita.

Matar yayanka,
Saloma

Kaduna
14 ga Oktoba, 2004

Zuwa ga matarmu, Maman Japhet,

Na amsa gaisuwa, mu ma duk lafiya. Maman Praise ta ce ki riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Maganar fadama a ajiye ta gefe, ba ranarta ba ce.

Ki kwantar da hankali ki karanta a tsanake. Doka ba ta yarda a kama uwa saboda ɗanta ba, laifi na wanda ya aikata ne. In wani ya ce zai tafi da ke a madadinsa, ki tambaye shi cikin ladabi laifin da ke kanki kika yi. Maganar yanke hannu kuwa, mai faɗinta ta je ta ji da tukunyarta. Japhet Kirista ne, ba za a kai shi waccan kotu ba sai da yardarsa. Gaban majistare za a kai shi.

Amma kin yi kuskure da kika ɓoye shi. Gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato, kuma duk ranar da ya ƙara a kan dutse, hujja ce kike ba su kyauta. Ki sauko da shi. Ku je caji ofis da rana tsaka, da fasto ko wani dattijo da ake jin kunyarsa, a ga da ƙafarsa ya zo. Ki ja masa kunne: yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya. In an rubuta bayaninsa da Turanci, ya ce a karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu, in ba abin da ya faɗa ba ne kada ya sa. Tunda akwai kotu a gari, ba a yarda su riƙe shi ya wuce kwana ɗaya ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

Babban abin da nake roƙon ki: kada ki taɓa mutum-mutumin nan. Ki bar shi tsaye da wandonsa da hularsa. Rana ta cinye su, ruwa ya dake su, daidai da yadda ya yi wa rigar. Duk wanda ya haɗa su zai ga rigar a fili ta yi damina, inda kowane ɗan hanya zai iya miƙa hannu. Wannan itacen ya fi lauya amfani a wurinki yanzu. Kakin ma tun farko bai kamata ya zauna a gida ba, kayan gwamnati ne, amma wane gida ne a Zuru babu irinsa a akwati?

Yanzu kuma ki yi haƙuri da ni. Ina Japhet yake a ranar, da wa ya gan shi? Kin ce kabu-kabu yake yi. Rabona da labarinsa ko keke ba shi da shi, babur ɗin daga ina? Kuma wa ya fi shi sanin inda rigar take? Ba zarginsa nake ba. Tambayoyin da za a yi masa ke nan, gara ki fara jin su daga bakina.

Naku,
Philemon

Rikoto
29 ga Oktoba, 2004

Baban Praise,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki muna da ita, ta zuciya ce babu.

Motar Maharazu ta mutu a Tegina, ya yi kwanaki yana jiran injin, takardarka na aljihunsa. Kafin ta iso, maƙwabta sun cika mini kunne cewa in aka sami sauran kakin a gonata ni ma na shiga. Na tuge itacen, na haɗa wando da hula na cinna musu wuta a bayan rumbu. Da na karanta inda ka ce kada in taɓa, sai da na zauna a ƙasa. Shawararka ta zama ihu bayan hari.

Wadda ta iso da sauran amfani kuwa na bi ta. Ka ce in sauko da shi, na sauko da shi. Ka ce da rana, da fasto, haka muka yi. Yaro ya sa farar rigarsa ta coci, ya shiga da ƙafarsa yana gaishe su. Suka karɓe masa bel da takalmi, suka sa shi bayan kanta. Washegari aka kai shi kotu, aka karanta laifin ƙwace da yin shigar soja, ya ce bai aikata ba. Alƙali ya ce a ajiye shi gidan yari. A ajiye shi, sai ka ce buhun masara! A kan dutse yana shan iska yana cin tuwon matar Sila, ni da hannuna na ɗauko shi na kai, saboda wani mai ilimi a Kaduna ya ce in yi.

Ga amsar tambayoyinka, tunda alƙalin ma bai yi mini su ba kai ka yi. Babur da haƙƙin ubansa na soja aka saya, ni na ba shi. Ranar kasuwa yana kan hanya yana jigilar mutane, a nan abincinsa yake, ko so kake ya tsaya ya rubuta sunan duk wanda ya goya? Ka ce ba zarginsa kake ba. Na yi shekaru ina zama da danginku, na san yadda kuke cewa ba komai alhali da komai.

Sila ya zo jiya, ya faɗi wata magana da ta ƙi fita raina. Ya ce, "Saloma, in yaron ga ya daɗe ciki, wa za shi noma maki fadama? In ba a noma ta ba, wa ka da gona kusa da ita?" Na ce ya rufe mini baki. Amma ka san ruwa ba ya tsami banza, kuma ni mace ce ni kaɗai da ƙafa ɗaya mai kirki.

In kana da wata dabarar da za ta fito da shi, ba wadda za ta ƙara tura shi ciki ba, ina saurare.

Saloma

Kaduna
3 ga Nuwamba, 2004

Maman Japhet,

Muna lafiya, mun gode Allah. Praise ta yi zazzaɓi amma ta tashi.

Takardarki ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye ba. Sila da ko ƙofar kotu bai taɓa gani ba shi ne mashawarcinki, ni kuma ɓarawon fadama. To, na ji.

Ƙona kayan nan ɓarna ce babba, kuma ɓatar da abin da zai zama hujja shi kansa laifi ne. Kada ki bi gari kina ba da labari, kuma kada ki yi ƙarya in an tambaye ki. Ki gaya wa lauya yadda aka yi, ya san yadda zai ɗauke shi. Na yi magana da ofishin lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi a Birnin Kebbi, za su turo wani, ba a biyan su.

Ajiya a gidan yari ba ɗauri ba ce. A idon doka Japhet mara laifi ne har sai an tabbatar, kuma ba shi ne zai nuna bai yi ba, masu ƙara ne za su nuna ya yi. Riga da sunan uba ba ta isa ba in babu wanda ya ga fuskarsa. Zuwan da ya yi da ƙafarsa, wanda kike zagina a kai, shi ne abin farko da lauya zai ɗora wa alƙali in ya nemi beli. Da a kan dutse aka kamo shi, da ko sauraren mu ba za a yi ba.

Abu biyu ake bukata. Tunda itacen ya zama toka, sai mutanen da suka gan shi. Su Kofur Solomon da ke sara masa kowace safiya, su zo su ce da idonsu sun ga rigar a bakin hanya wata da watanni. Shaida ba wanda ake tuhuma ba ne, zai faɗi abin da ya gani ya koma gida. Na biyu, in alƙali ya ba da beli, zai nemi mai tsayawa wanda ke da gida ko gona a yankin, da takarda. Mace ma tana iya tsayawa, kada wani ya ce miki ba ta iyawa. Gonarki ta fadama tana da takarda tun zamanin Abel. Ki ba Maharazu ya kawo mini in duba ko kotu za ta karɓe ta, in dawo miki da ita.

In gaskiya kike so, ga ta. Ban ce ya yi ba, ban ce bai yi ba. A aikin nan na ga uwaye da yawa sun rantse da Littafi a kan 'ya'yan da suka zo suka amsa laifi da bakinsu. Amma ko ya yi ko bai yi ba, yana da haƙƙin a yi masa shari'a daidai, kuma ɗan Abel ne.

Philemon

Rikoto
12 ga Nuwamba, 2004

Philemon,

Gaisuwa. Allah ya ƙara wa Praise lafiya, ita ba ruwanta.

Ashe nan aka nufa. An zagaya, an zagaya, an zo kan takardar fadama. In ba Maharazu ya kai maka Kaduna ka duba! Biri ya yi kama da mutum. Lauyan da ka turo ya zo, yaro ne mai ladabi, shi ma bakinsa takarda. Na ce masa takarda tana inda Abel ya bar ta, can za ta kwana. In kotu ta ci gonar, ko ta ɓata a hanya, da me zan ciyar da yaron in ya fito?

Na je wurin Kofur Solomon kamar yadda ka ce. Na same shi gindin ɗorawa da sauran, suna jiran labarin fansho. Ina buɗe baki ya ce, "Saloma, ni da Abel tare munka yi Laberiya, ke sani. Amma kotu? Mi ya kai tsoho kotu? Ka tahi shaida, a ce kai ma zamna nan. Ni ban ga komi ba." Sauran suka sunkuyar da kai suna tonon ƙasa da sanda. Yanzu in za su gona ta bayan makaranta suke zagayawa. Na fara tunanin ko ɗan ɗaya daga cikinsu ne ya zare rigar, shi ya sa. Haka na koma, kowa na gani sai in ga ɓarawo a fuskarsa, har mai kawo mini gaisuwa.

Na kai wa Japhet tuwo ranar Asabar. Ya rame, ƙuraje sun fito masa a wuya. Ya ce, "Mama, an girbe dawar?" Na ce an girbe, alhali rabinta na tsaye, birai sun dawo sun yi biki. Na fito na jingina da katanga na yi kuka har wata mai sayar da ƙosai ta ba ni ruwa. Wannan ne yaron da ba ka ce ya yi ba, ba ka ce bai yi ba.

Kada ka ƙara aiko mini da shawara. In ka zo Zuru, gidanka da ka gina a cikin gari ya ishe ka, ba sai ka ƙaraso Rikoto ba.

Saloma

Kaduna
16 ga Disamba, 2004

Maman Japhet,

Ina gaisuwa, ko ba a amsa ba. Muna lafiya.

Wannan ba shawara ba ce, sanarwa ce. Kafin ta iso hannunki Japhet ya riga ya iso gida, kuma na san za ki tambayi yadda aka yi.

Alƙali ya ba da beli. Lauya ya rasa mai tsayawa, har aka fara maganar a bar shi ya yi Kirsimeti a ciki. Na ɗauki hutu na zo Zuru, na sa takardar gidana na cikin gari, wanda na gina don in yi ritaya a ciki, na sa hannu. Na koma a motar da ta kawo ni. Ban ƙaraso Rikoto ba, tunda an hana ni.

Ki san abin da tsayawa take nufi, ki kuma karanta wa yaron. Na yi wa kotu alkawari duk ranar da aka kira shari'ar zai bayyana. In ya ƙi zuwa, za a ba da takardar kama shi, ni kuma a kira ni in kawo shi. In na kasa, abin da na ɗauka a wuyana ya hau kaina, ba ni kuwa da abin biya sai gidan. Beli ba sallama ba ce, aron mutum ne daga kotu. In ciwo ya kwantar da shi, a kai takardar likita tun kafin a zauna. Kada ya je kusa da Chimaobi, ko da sunan ban haƙuri, za a ce yana neman toshe bakin shaida.

Za a fara sauraro a watan Maris. Ranar hukunci ki kasa kunne da kyau. In alƙali ya ce ya sallame shi kawai, ana iya sake kamo shi kan maganar. In ya ce ya sallame shi kuma ya wanke shi, ta mutu har abada.

Maman Praise ba ta yi mini magana tun da na dawo. Abin da ta ce kawai shi ne na ɗauki gumin shekaruna na rataya a wuyan ɗan kabu-kabu. Ban ga laifinta ba, don har yanzu zuciyata ba ta kwanta da yaron nan ba. Na gan shi a kotu, ya ƙi haɗa ido da ni, ban sani ba ko kunya ce ko wani abu. Amma Abel ne ya kai ni makaranta a kan kekensa.

Philemon

Kaduna
7 ga Maris, 2005

Maman Japhet,

Gaisuwa a gurguje. Tun Disamba ko layi ɗaya ban samu daga gare ki ba, na haƙura. Amma yau Maharazu ya ce mini ya ga Japhet a tashar Zuru da jaka, shi da Sila, suna tambayar motar da ke haɗa mutum da ta Ikko. Shari'a kuwa mako mai zuwa ne.

Saloma, ki gaya mini gaskiya. Da saninki? Dama shirun da kika yi ke nan, a fito da shi da gidana sannan a sulale da shi? In haka ne, kin rama maganar fadama har da riba. Na kasa aiki, na kasa gaya wa matata. In yana nan, ki riƙe shi don girman Allah. Mai gudu daga beli ya yanke wa kansa hukunci, ko da bai taɓa rigar ba.

Philemon

Rikoto
18 ga Afrilu, 2005

Zuwa ga ƙanen mijina, Baban Praise,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji, da kai da Maman Praise da yara. Ƙafa ta yi sauƙi. An yi ruwan fari shekaranjiya, ƙasa ta yi ƙamshi.

Shirun da na yi kunya ce, ba makirci ba. Sau da yawa na ɗauki biro, sai in tuna na hana ka taka Rikoto, in ajiye.

Maharazu bai yi ƙarya ba, kuma ba da sanina ba ne. Sila ne ya hure wa yaron kunne, wai yana da aboki a wani bariki a Ikko, wai talaka ba ya cin shari'a. Wata yarinya ta zo ta gaya mini ina tsakiyar daka. Na yar da taɓarya na hau kabu-kabun wani, na sami Japhet har ya zauna a mota, jaka a cinya. Na tsaya a gaban motar. Direba na ta hon, na ce sai dai ya bi ta kaina. Na ce, "Japhet, in ka tahi, da gidan baffanka za ka tahi. Mutumen ga bai ko yarda da kai ba, yas sa gidanai." Ya ce, "Mama, tsoro nike ji. In sunka maishe ni ciki, mutuwa zan yi." Na ce ni ma tsoron nake ji, ya sauko mu ji shi tare. Ya daɗe yana kallon jakar, sannan ya sauko. Karon farko kai ka sa na kai shi, na zage ka. Wannan karon ba wanda ya sa ni.

Su Kofur Solomon kuwa, lauya ya ce zai iya sa a aika musu sammaci. Na ce ya dakata, tsohon da aka jawo da igiya ba abin da zai tuna. Da rani dole su bi ta gefen gonata zuwa lambunsu, babu wata hanya. Sai na riƙa zuwa da safe ina tsayawa daidai ramin da itacen yake. In sun ɓullo sai in ƙame in sara musu. Ranar farko suka yi kamar ba su gan ni ba. Yara suka fara taruwa suna dariya, ana cewa matar Saje ta taɓu. Na ci gaba. Wata safiya Solomon ya tsaya ya ce, "Haba Saloma, mi a haka?" Na ce, "Kun sara wa riga babu mutum ciki. Ga ɗan mai rigar za a ɗaure, kun ce ba ku ga komi ba." Ya cire hula ya daɗe yana juya ta a hannu.

Ranar shaida su huɗu suka zo, da lambobinsu a ƙirji. Chimaobi, Allah ya yi masa albarka, ya riga ya gaya wa kotu riga kawai ya gani, bai ga fuska ba, ba zai ɗora wa ɗan mutane ba. Mai gabatar da ƙara ya tambayi Solomon yadda aka yi ya tabbata rigar ce. Ya ce ai shi ya ɗinke mata aljihu da baƙin zare a Laberiya, kuma damina guda yana gaishe ta. Kotu ta fashe da dariya, har alƙali ya rufe baki da hannu. Ni ma an tambaye ni maganar wuta, na faɗi gaskiya, alƙali ya yi mini faɗa sosai, na ce na tuba.

Ranar Alhamis aka yanke. Na kasa kunne kamar yadda ka ce. Alƙali ya faɗi duka biyun, Philemon: ya sallame shi, ya wanke shi. Solomon ya zo ya riƙe hannuna. Lauya ya ce takardar gidanka tana wurin magatakarda, kai za ka zo ka karɓa da hannunka.

Wanda ya zare rigar har yau ba a san shi ba, kuma har yau in na ga samarin unguwa sai na auna faɗin kafaɗunsu da ido. Rigar tana kotu, ban nema ba, ka ce ta gwamnati ce. Bana da tsohon zanena zan yi mutum-mutumi, in birai sun raina shi su da Allah.

Japhet ya yi sharar fadama, ya haɗa da ɓangarenka ba tare da na sa shi ba. In ka zo karɓar takarda ka ƙaraso Rikoto, ka zo da Maman Praise in durƙusa mata. Za mu kira dattawa a kafa dutsen iyaka, inda suka nuna na yarda. Takardar fadama kuma zan fito da ita ka duba iya son ranka, a tsakar gidana, ina riƙe da gefe ɗaya.

Matarku,
Saloma